Yadda muka rina bidiyon biki har Iya ta ɓace

Mu huɗu ne, duk 'yan aji biyu a jami'a, kuma babu mai karantar harkar fim a cikinmu. Abin da ya haɗa mu ɗaki ɗaya ne, da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, da wata cuta da ta kama mu tun muna sakandare kamar ku: duk bidiyon da muka ɗauka, so muke ya fito kamar fim ɗin Amurka. In kun taɓa ɗaukar abokinku yana taku ɗai-ɗai a filin makaranta, kuka sa masa baƙin layi sama da ƙasa, kuka yi ta danne-danne a CapCut har sararin sama ya yi shuɗi mai duhu, to ƙannenmu, ku ma kun kamu.

Ana cikin dogon hutu aka sa bikin yayar ɗayanmu a nan Kano. Mahaifiyarsu, wadda dukanmu muke kira Umma, ta riga ta yi magana da mai ɗaukar bidiyo na unguwa, amma ɗanta ya kafe. "Umma, ki bar mana aikin nan. Abin da za mu yi miki ko a Kannywood ba a taɓa yin irinsa ba." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To yarana, ku dai sani biki ba a maimaita shi." Ta ba mu rabin abin da za ta ba wancan, muka yi hayar kyamara ta kwana uku, muka sayi memori. Kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya, duk mun ɗauka, kuma ɗaukar ba ta yi muni ba. Ɓarnar a ɗakinmu aka yi ta, bayan kowa ya watse.

Aikin da ake yi wa launin bidiyo bayan an gama ɗauka, masu sana'ar suna ce masa kala-giredin. Mu rini muke ce masa, daga baya kuma muka gano ashe ba mu yi kuskuren suna ba. A zamanin fina-finai marasa murya, fiye da shekara ɗari da suka wuce, zaren fim ɗin ake tsomawa cikin ruwan rini, kamar yadda ake tsoma yadi a marinar Ƙofar Mata. In mai kallo ya ga shuɗi ya san dare ya yi, in ya ga ja gobara ce, ruwan ɗorawa kuma hasken fitila. A birnin Faris akwai wata mata, Elisabeth Thuillier, mai ma'aikata kusan 200, aikinsu su bi hotunan fim ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi suna shafa launi. Su suka yi wa fina-finan Georges Méliès ado, har da na tafiya duniyar wata na 1902. Ku tuna kuwa daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hoto fiye da goma.

Da kwamfuta ta shigo sai aikin ya sauya. Fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000 an ɗauke shi a jihar Misisipi lokacin da ciyawa da itatuwa suka yi kore shar, alhali labarin busasshiyar ƙasa mai ƙura yake so, irin ta shekarun 1930. Sai mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya sa aka shigar da fim ɗin gaba ɗaya cikin kwamfuta, aka mayar da damina kaka. Yau wannan ikon yana hannun kowa. Manhajar DaVinci Resolve, wadda ake rina manyan fina-finai da ita, tana da samfurin kyauta. Da datar dare muka sauke ta, fankar kwamfutarmu tana kuka kamar injin markaɗe.

Koyon manhajar kuwa ya yi mana nisa, sai muka bi gajeriyar hanya. Akwai wasu ƙananan fayiloli da ake kira LUT, ana rabawa kyauta a intanet. LUT jadawali ne kawai mai cewa: duk inda ka ga wannan launi, mayar da shi wancan. Ba shi da ido. Bai san amarya ba, bai san bango ba. Wanda muka ɗauko irin na fina-finan faɗa ne, mai tura inuwa zuwa shuɗi mai ratsin kore, ya tura fata zuwa ruwan lemo, kamar yadda kuke gani a Transformers ko Mad Max: Fury Road. Dalilin da ya sa ake son haɗin nan shi ne launukan biyu kishiyoyi ne, in bango ya yi shuɗi sai fuska ta fito ɓaro-ɓaro. Muka zuba shi a kan bidiyon tun daga farko har ƙarshe. Wajen ɗaurin aure muka ƙara ruwan ɗorawa, don a ganinmu haka ake nuna Afirka a fim. Muka sa baƙaƙen layukan nan. Muka tafa wa kanmu. Da wuri ya yi wa kwamfutar kaɗan, muka goge ainihin hotunan, muka bar wanda muka rina.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka cika falon Umma. Gwaggwanni, innoni, ƙawaye, amarya da kanta ta zo daga gidanta. Muka haɗa da talabijin. Minti biyu na farko babu wanda ya ce uffan, mu kuma muna ƙiftawa juna ido, mun ɗauka mamaki ne ya kama su. Sai wata gwaggo ta ce, "Wai wannan ankonmu ne?" Ankon kore ne mai haske, irin na ɗanyen ganye, Umma ta yi sati biyu tana zagaye Kantin Kwari kafin ta tsayar da shi. A talabijin ya koma wani ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kamar labulen asibiti. Amarya, wankan tarwaɗa ce, ta fito jawur kamar wadda ta shekara tana shafa man bilicin. Baƙaƙen layukanmu kuma sun yanke ɗaurin ɗankwalin mata, ɗaurin da aka biya kuɗi aka yi awa ana nadawa.

Duk wannan da an yi dariya an wuce. Sai aka zo wajen kamu. Iya, mahaifiyar Umma, tsohuwa ce baƙa wadda aka ɗauko daga ƙauye da ƙyar saboda ciwon ƙafa. Tana zaune ƙarƙashin rumfa, ta dafa kan jikarta tana sa mata albarka. A talabijin ana jin muryar, ana ganin farin carbi yana motsi, da gefen mayafi. Inda fuskar take kuwa baƙi ne ƙirin, ba ido ba baki. Umma ta ce, "Ku tsayar. Muryar Iya nake ji. Ina Iya?"

Babu wanda ya amsa a cikinmu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba komai yarana, kun yi ƙoƙari, Allah Ya yi muku albarka," ta tashi ta shiga ɗaki. Da zagi ta yi da ya fi mana sauƙi.

Abin da ya cece mu lalaci ne. Ɗayanmu ya ɗauke memorin tun bayan biki da niyyar goge shi ya zuba wasannin ƙwallo, kullum yana cewa gobe. Da muka zura shi a kwamfuta muka ga komai yana nan, har da fuskar Iya, duhu-duhu amma ana gani, sai da ɗan Umma ya yi sujada a tsakar ɗaki. Tun ranar ba mu sake goge ainihin hoto ba sai mun ajiye shi wuri biyu.

Sati uku muka yi muna sake aikin, kuma a nan ne muka fara koyon abin da ya kamata mu sani tun farko. LUT ɗin da muka ɗauko an yi shi ne don manyan kyamarori masu ɗauka da tsarin da ake kira log. Hoton log yana fitowa a koɗe, kamar atamfar da ta sha wanki, da gangan, don ya riƙe abin da ke cikin haske da abin da ke cikin duhu. LUT ɗin shi ke mayar masa da ƙarfi. Kyamarar da muka yi haya kuwa ta riga ta ba hotonta ƙarfi tun a ciki. Wato gishiri muka zuba a miyar da aka riga aka sa wa gishiri. Irin kyamarar nan, da yawancin wayoyi, matakin haske 256 gare su a kowane ɗaya daga ja da kore da shuɗi, manya kuwa 1,024 ko fiye. Fuskar Iya a inuwar rumfa tana can a matakan ƙasa-ƙasa. Da muka danna su kaɗan sai suka faɗa sifili. Ga kuma allon kwamfutarmu da ke da ɗan shuɗi a jikinsa ba mu sani ba, shi ya sa muka yi ta ƙara ja muna ganin daidai ne, har aka je talabijin asiri ya tonu.

Akwai wani abu kuma da ya girme mu. Da muka koma shafin da muka sauke LUT ɗin, duk hotunan gwajin da aka nuna na fararen fata ne. Wannan tsohon zance ne a harkar hoto. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira katin Shirley, mai hoton wata Baturiya, da shi ake auna ko launi ya yi daidai. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta cewa daga cikin abin da ya matsa aka gyara yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu akwai ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, don hajarsu ba ta fita da kyau a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata uku masu fata daban-daban. Wannan ba ya wanke mu, mu muka danna. Amma ya koya mana mu riƙa tambaya, kafin mu ari launin wani, da fuskar wa aka auna shi.

Abin da ya fi burge mu a duk sati ukun wani ma'auni ne a cikin manhajar, mai suna bektoskop. Da'ira ce kamar faifai, tana nuna inda kowane launi na hoton ya faɗi, ba ruwanta da ƙaryar allo. A cikinta akwai wani layi da ya nufi wajen ƙarfe goma sha ɗaya na agogo, ana ce masa layin fata. Muka ware goshin Iya, ya faɗi kusa da layin. Muka ware kuncin amarya, nan ya faɗi. Muka ware wani abokin ango, fari sol, shi ma nan. Muka yi ta gwadawa da duk wanda ya gitta a gaban kyamara kamar yara sun sami abin wasa. Ashe fatar ɗan Adam, baƙi ko fari, kusan gida ɗaya take a wajen launi, saboda jinin da ke ƙarƙashinta da sinadarin da ke rina ta iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen yawan haske ne da kauri. A tsohon aikinmu, fuskar amarya ta yi tsalle ta bar layin da nisa.

Marini ba ya tsoma yadi da dauɗarsa, sai ya wanke. Ba ya kuma samun shuɗin da yake so da tsomawa ɗaya: yana tsomawa, ya ɗaga ya sha iska, ya duba, ya mayar. Haka masu sana'ar nan suke yi, gyara tukuna, ado daga baya. Mun fara da fari. Hasken rana da na ƙwan fitila mai ɗorawa ba launinsu ɗaya ba, a ma'aunin Kelbin na rana yana wajen 5,600, na fitilar kuma wajen 3,200. Idonmu yana daidaita wannan da kansa, kyamara kuwa sai an gaya mata. Farar shaddar ango ta zama alƙalinmu: duk hoton da ta fito da ɗorawa ko shuɗi, sai mu juya har ta koma fara. Sannan haske, kada fari ya ƙone, kada baƙi ya nutse. Sannan mu jera hotunan wuri ɗaya su yi kama da juna, don kada amarya ta juya kai launinta ya sauya. Zauren dina ya ba mu wuya, fitilu kala uku ne a ciki har da masu walƙiya, akwai wuraren da muka haƙura.

Anko kuwa, ɗan Umma ya je wajen tela ya roƙo ragowar ƙyalle. Muka manna shi a gefen allo da salatif, muna aiki da rana kusa da taga, muna kwatantawa, muna kuma turawa wayoyi uku da talabijin ɗin maƙwabci mu gani. Iya ita ta ci kwana biyu cur. Mun zana da'ira mai laushin baki a kan fuskarta, muka ɗaga hasken wurin kaɗai, muka sa da'irar ta riƙa bin ta duk inda ta sunkuya. Hoton ya ɗan yi tsaki-tsaki, don abin da kyamara ba ta ɗauka sosai ba kwamfuta ba za ta ƙirƙiro shi ba. Da mun san haka, da farin kwali muka riƙe a gefen rumfar ranar kamu ya maido mata haske, aikin minti ɗaya. Amma ga tsagen fuskarta ya fito, ga idanunta.

Ruwan ɗorawar da muka zuba wa ɗaurin aure shi ya fi ba mu kunya da muka zauna muka yi tunani. A fim ɗin Traffic na 2000, darakta Steven Soderbergh ya ba sashen Meziko ɗorawa, ya ba wani sashen na Amurka shuɗi, don labarai da yawa yake saƙawa, kada mai kallo ya ruɗe. Yana da dalili. Daga baya abin ya zama al'ada: da labari ya shiga ƙasar talakawa sai a ɗauraye ta da ɗorawa, ta yi kama da wuri mai zafi, mai datti, mai haɗari. Da Netflix ta fitar da Extraction a 2020, wanda labarinsa ke birnin Daka, mutanen Bangaladash da dama sun yi ƙorafin haka a kafafen sada zumunta. Mu kuwa ba wanda ya yi mana, da hannunmu muka yi wa layinmu. An ɗaura auren nan da safe ne a ƙarshen damina, an kwana ana ruwa, sama tas, dogon yaron ƙofar masallaci kore shar. Ko hazon hunturu ma, in kun lura, fari-fari ne mai toka, ba ɗorawa ba. Wanda ya buɗe mana ido shi ne farkon fim ɗin Mother of George na Andrew Dosunmu, inda ake bikin Yarabawa a Buruklin ta Amurka. Ba fim ɗin yara ba ne, buɗewar kawai muka yi ta maimaitawa: baƙar fata tana sheƙi, zinare da shuɗi da shunayya kowanne da nauyinsa. Mai ɗaukar hoton, Bradford Young, ya sami kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 2013.

Muna dab da gamawa amarya ta kira ƙaninta. "Auta, tunda kun iya abin nan, ku ɗan haska ni mana. Kaɗan dai, ba irin na da ba." Nan muka rabu biyu. Biyu suka ce bikinta ne, fuskarta ce, kuma masu hoto kullum suna yi, mu su wa da za mu hana. Biyu suka ce ɗaga hasken da ya sauka a fuska daban, sauya fatar mutum daban, kuma in an haska ta, ita da Iya a hoto ɗaya za su zama kamar ba jini ɗaya ba. Mun yi musu har aka kira asuba. Daga ƙarshe muka fitar da hoto biyu muka tura mata ta zaɓa. Ta zaɓi nata na gaskiya, ba don wa'azin kowa ba, cewa ta yi a nan ne lallenta da sarƙarta suka fi fitowa. Da ɗayan ta zaɓa, har yau ba mu daidaita a kan abin da za mu yi ba.

Adon da muka sa a ƙarshe kaɗan ne ƙwarai. Wajen kamu mun ɗan ɗumama launin, don tsakar gida ce cike da mata da guɗa. Daren kai amarya mun bar shi da duhunsa, muka sa ɗan shuɗi a inuwa, wanda sai an gaya maka za ka lura. Baƙaƙen layuka mun cire, ɗankwali ya dawo. Abin mamaki, wannan ya fi na farkon kama da fim, musamman inda amarya ke kuka a bayan mota, hasken fitilar titi yana wucewa a kan mayafinta.

Karo na biyu ba a tara mutane ba, mu muka roƙi hakan. Umma ce kawai, da amarya, da Iya da aka kawo ganin likita. Gwaggon nan ta leƙo, ta ga anko, ta ce, "Yauwa," ta zauna. Da aka zo wajen kamu Umma ta matsa kusa da talabijin, ba ta ce komai ba, ta dai sa gefen mayafi a ido. Iya ta ƙura wa allon ido, ta daɗe, sannan ta zunguri jikanta da sandarta.

"Kai maigida, wace tsohuwa ce wannan ta cika baki da goro a gaban mutane?"

"Ke ce mana, Iya."

"Ƙarya kake, ni na fi ta kyau. Maido da shi baya in ƙara ganinta."